Tasirin Maganaɗisu a Kan Ƙwaƙwalwa da Yadda Yake Rage Zafin Ciwo

1. Gabatarwa

Masuntan Gulbin Rima sun san wani kifi wanda ba a kama shi da garaje, watau minjirya. Duk wanda ya kuskura ya damƙe ta da hannu, nan take zai ji wani abu ya fizge shi tun daga yatsu har kafaɗa, sa'an nan hannun ya mutu na ɗan lokaci. Abin da ke fitowa daga jikin minjirya lantarki ne, irin wanda ke bin waya. Tun kafin a san sunansa mutane suka lura cewa irin wannan fizga tana iya kwantar da ciwo. Wajen shekara ta 47 Miladiyya wani likita a birnin Rum, mai suna Scribonius Largus, ya rubuta littafin magunguna, inda ya ba da shawarar a ɗora wani kifin teku mai halin minjirya a kan mai matsanancin ciwon kai, a bar shi nan har wurin ya mutu.

Abin da likitan Rum ya yi da kifi bisa lalube, shi ne likitocin yau suke ƙoƙarin yi da na'ura bisa ma'auni. Na'urar tana amfani da maganaɗisu ne ta haifar da ɗan lantarki a cikin ƙwaƙwalwa, ba tare da an fasa ƙoƙon kai ko an yi wa mutum allurar barci ba. A asibitocin duniya ana taƙaita sunan wannan hanya da haruffa uku, TMS. A nan za a kira ta zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu.

Manufar wannan lacca ita ce a bayyana abubuwa uku: yadda jin zafi yake aukuwa a jikin ɗan Adam, yadda maganaɗisu ke sauya shi, da kuma iyakar abin da bincike ya tabbatar. Batun ya shafi ɗalibin da zai riƙe asibitocin Sakkwato gobe, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati wanda a kan teburinsa ake yanke shawarar abin da za a saya wa asibiti da abin da za a bari.

2. Hanyar da zafi ke bi

A cikin fata da tsoka da gaɓoɓi akwai bakunan waɗansu jijiyoyi sirara, waɗanda aikinsu shi ne kai rahoto idan wani abu yana neman ɓata jiki, kamar ƙuna ko yanka ko matsa. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa da ta jini da ta agara, amma wadda ake nufi a nan ita ce mai ɗaukar saƙo. Jijiyoyin da ke kai rahoton rauni iri biyu ne. Ɗaya tana da sauri, saƙonta yana tafiyar mita 5 zuwa 30 a sakan guda. Ɗayar kuwa ba ta wuce mita 2 a sakan. Shi ya sa idan mutum ya yi tuntuɓe yakan fara jin wani tsini mai kaifi, sa'an nan bayan ɗan lokaci raɗaɗi mai nauyi ya biyo baya.

Saƙon yakan shiga laka, watau igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, ya tsallaka zuwa ɗaya ɓarin, ya hau sama har wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus. Talamus tamkar zaure ne: kusan duk baƙon saƙo a nan yake sauka kafin a shiga da shi cikin gida. Daga zauren ake rarraba shi. Wani sashe na ɓawon ƙwaƙwalwa shi ke gane inda abin ya faru da ƙarfinsa. Waɗansu sassa dabam su ke ba shi ɗaci, su sa mutum ya ƙi shi, ya tsorata, ya nemi tsira. Sai waɗannan duka sun haɗu ake samun abin da ake kira jin zafi. Wannan ne ya sa Ƙungiyar Nazarin Zafin Ciwo ta Duniya, a ma'anar da ta bayar cikin 1979 ta kuma sabunta cikin 2020, ta haɗa jin jiki da ɓacin rai wuri guda.

Zafi kuwa yana da amfaninsa, domin jiki magayi ne. Ma'aikatan asibitin Amanawa da ke kusa da birnin Sakkwato, inda aka daɗe ana jiyyar masu cutar kuturta, sun san haka sarai. Cutar tana kashe jijiyoyin hannu da ƙafa, sai mutum ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, rauni ya yi ta hawa kan rauni har gaɓa ta lalace. Saboda haka burin likita shi ne ya rage zafin da ya daina amfani, ya bar wanda ke tsaron jiki.

3. Ƙofar zafi

Da an ɗauka cewa hanyar nan miƙaƙƙiya ce, gwargwadon rauni gwargwadon zafi. Abin da aka gani a fagen fama ya rushe wannan zato. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan sojan Amurka, Henry Beecher, ya lura a Italiya cewa da yawa daga cikin sojojin da aka kawo da munanan raunuka ba su nemi maganin kashe zafi ba, ya kuma buga rahoton haka cikin 1946. Ɗan dambe ma sau da yawa ba ya sanin an fasa masa baki sai an raba. Haka kuma yaron da ya buga gwiwa, idan uwa ta murza masa wurin, sai kukan ya lafa.

Cikin 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin da ya haɗa waɗannan abubuwa. Suka ce a cikin laka akwai wani tsari mai kama da ƙofa. Mutumin Sakkwato ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, idan ya tuna da zamanin ganuwa, lokacin da mai shigowa ta Ƙofar Kware ko Ƙofar Rini sai ya bi ta hannun mai tsaron ƙofa. Saƙon rauni yana neman shiga. Saƙon shafa da murza, wanda ke bin manyan jijiyoyi, yana tura ƙyauren ya rufe. Sa'an nan daga cikin gari, watau daga ƙwaƙwalwa, ana iya aiko da umarni a buɗe ko a rufe.

Ba a daɗe ba aka gano hanyar da umarnin ke saukowa. Cikin 1969 David Reynolds ya sa waya siririya a wani ɗan wuri cikin kututturen ƙwaƙwalwar ɓera, ya tura lantarki kaɗan, sai ga shi an yi wa ɓeran tiyata a ciki ba tare da maganin barci ba, bai kuwa nuna alamar jin zafi ba. Cikin 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz, a Jami'ar Aberdeen, suka tace daga ƙwaƙwalwa waɗansu sinadarai masu aiki irin na mofin, watau babban maganin kashe zafi da ake yi wa majiyyata allurarsa a asibiti. Ashe jiki yana da nasa kantin magani a ciki. Daga nan tambayar da ta rage ita ce: ta yaya za a sa ƙwaƙwalwa ta buɗe wannan kanti a lokacin da ake bukata?

4. Ciwon da ya zarce rauni

Tambayar ta fi tsanani game da wani rukunin majiyyata, waɗanda hanyar saƙon ce da kanta ta lalace. Rauni ya warke, ko ma babu shi, amma jijiya tana ta kai rahoton ƙarya, ƙofa kuma ta ƙi rufuwa. Wannan shi ne ciwon jijiya, kuma masu fama da shi sukan kwatanta shi da ƙunar wuta, ko sukar allura, ko fizgar lantarki. Wani ko riga ce ta taɓa wurin sai ya yi ƙara. Idan zafi ya wuce wata 3 ana lissafa shi a cikin ciwo mai daɗewa, kuma ƙididdigar da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ta nuna cewa mutum 7 zuwa 10 cikin 100 suna da irin wannan ciwo na jijiya.

Musabbabansa sanannu ne a kowace unguwa. Akwai mai ciwon suga wanda tafin ƙafarsa ke ci da wuta da dare. Akwai wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, bayan 'yan watanni ɓarin da ya mutu ya soma ƙuna. Likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, su suka bayyana wannan cikin 1906, suka danganta shi da lalacewar talamus, kuma yana samun kimanin 8 cikin 100 na waɗanda suka yi shanyewar. Akwai ɗan kabu-kabu da ya faɗi a kan kafaɗa jijiyoyin hannu suka tsinke daga laka. Akwai wanda aka yanke wa ƙafa amma yana jin yatsun da babu su suna yi masa zogi. Akwai kuma ciwon jijiyar fuska, wanda tauna ko alwala kan tayar da shi.

Magungunan ciwon kai da na ciwon jiki da aka saba saye a kemis ba su cika taɓa wannan ciwo ba. Waɗanda aka tanada dominsa ma, wani kaso ne kawai na majiyyata suke samun sauƙi da su. Saura sukan yi ta yawo daga asibiti zuwa wanzami, daga ƙaho zuwa sakiya, wasu kuma su ƙare a kan ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya kiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Nijeriya sun sha magunguna dangin tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Cikin watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi. Ba duk mai shan ƙwaya ne ciwo ya kai shi ba, amma duk wata hanya ta rage zafi wadda ba ta kama mutum ta cancanci a dube ta da idon basira.

5. Daga Faraday zuwa Sheffield

Tushen na'urar yana cikin abin da Michael Faraday ya gano a Landan cikin 1831. Ya nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya sauya a kusa da waya, sai lantarki ya gudana a cikin wayar, ko da ba su taɓa juna ba. Sharaɗin shi ne sauyawa. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya haifar da kome. A kan wannan ƙa'ida janareta da taransifomar unguwa suke aiki. Ƙwaƙwalwa kuwa, da ƙwayoyinta kimanin biliyan 86, tana cikin ruwa mai gishiri wanda lantarki ke iya bi, su kansu ƙwayoyin da ƙananan fizgar lantarki suke magana da juna.

Cikin 1896 wani masani a Faransa, d'Arsonval, ya ba da rahoton cewa wanda ya sa kansa cikin babban naɗin waya mai sauya maganaɗisu yakan ga walƙiya a idonsa, ya ji jiri. Cikin 1980 Merton da Morton a Landan suka tura lantarki kai tsaye ta fatar kai har ya motsa gaɓa, sai dai ƙashin kai yana tare lantarki, don haka sai da ƙarfin da ke sa zafi ƙwarai. Maganaɗisu kuwa yana ratsa ƙashi kamar babu shi. Cikin 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka ƙera na'urar da ta yi amfani da wannan dama: suka ɗora naɗin waya a kan mutum, suka danna, sai hannunsa ya motsa, shi kuwa bai ji zafi ba.

Naɗin wayar yana kama da gammo. Wanda aka fi amfani da shi a yau gammo biyu ne a jere, kamar lamba 8, domin ƙarfin ya taru a inda suka haɗu. Na'urar takan tara lantarki ta sake shi cikin gammon a lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Maganaɗisun da ke tashi a wannan ƙiftawa ya fi na doron ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas, sau dubu ashirin da ɗoriya. Amma ƙarfinsa yana raguwa da sauri, bai wuce zurfin santimita 2 zuwa 3 ba, watau iyakarsa ɓawon ƙwaƙwalwa.

6. Abin da ba a zata ba

Mai hankali zai yi tsammanin cewa sashen ji na ƙwaƙwalwa za a nufa idan ana son rage zafi. Abin da aka tarar dabam ne. A ɓawon ƙwaƙwalwa akwai wani ziri da ya taso daga tsakar ka zuwa saman kunne, wanda ke ba gaɓoɓi umarnin motsi. Wilder Penfield na Kanada ya zana taswirarsa cikin 1937, ya nuna wurin ƙafa da na hannu da na fuska, kowane ɓari yana sarrafa kishiyarsa. Cikin 1991 Takashi Tsubokawa, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Japan, ya ba da rahoton cewa da ya dasa faifan lantarki a kan wannan yankin motsi, masu ƙunar da ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki sun sami sauƙi. Amma aikin nasa sai an buɗe ƙoƙon kai.

Nan maganaɗisu ya shigo. Cikin 2001 Jean-Pascal Lefaucheur da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa bugun maganaɗisu a jere, sau 10 a sakan, a kan yankin motsi yana rage ciwon jijiya na 'yan kwanaki. Cikin 2005 Eman Khedr da abokan aikinta a Jami'ar Asyut ta Masar suka gwada majiyyata 48, rabi masu ciwon jijiyar fuska, rabi masu ƙunar bayan shanyewa. Aka yi musu zama ɗaya kullum har kwana 5, sai sauƙin ya kai mako 2 bayan zaman ƙarshe. Wannan aiki, wanda aka yi a nahiyar Afirka, yana cikin na farko da suka nuna cewa maimaita zama yana tsawaita amfani.

Ga yadda zaman yake. Majiyyaci yana zaune a kujera idonsa biyu, an toshe masa kunne saboda ƙarar na'urar. Likita zai yi ta matsar da gammon yana bugawa ɗaya-ɗaya har ya ga babban yatsa ya motsa. Mafi ƙarancin ƙarfin da ya motsa yatsan shi ne ma'aunin wannan mutum, sai a rage ƙarfin ya koma kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ma'aunin, yadda gaɓa ba za ta riƙa fizga ba. Daga nan a yi ta bugawa sau 10 ko 20 a sakan, ana hutawa tsakani, har bugu 1,500 zuwa 3,000, a ɓarin kai da ke kishiyar wurin ciwo. Cikin minti 20 zuwa 30 an gama, mutum ya tashi ya tafi da ƙafarsa.

7. Abin da ke faruwa a cikin kai

Maganaɗisun bai kai zurfin talamus ba, balle laka. Abin da yake yi shi ne tayar da jijiyoyin da suka ratsa yankin motsi, su kuma su kai saƙo wurare masu nisa. Misalinsa kamar a buga tambari ne a ƙofar fada, masu tsaron ƙofofin gari su ji su rufe. Akwai hujjoji huɗu da suka ƙarfafa wannan fahimta.

Na farko, hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a birnin Lyon na Faransa, na majiyyatan da aka dasa wa faifan lantarki, sun nuna jini yana ƙaruwa a talamus, da sashen da ke ba zafi ɗacinsa, da kuma saman kututturen ƙwaƙwalwa, watau unguwar da Reynolds ya taɓa a ɓera. Na biyu, cikin 2011 masu bincike a Faransa suka ba lafiyayyun mutane wani magani mai toshe aikin mofin kafin a yi musu bugun maganaɗisu, sai ragin zafin da aka saba samu ya ragu ƙwarai. Ma'anar haka ita ce mofin ɗin da jiki ke yi da kansa yana da hannu a ciki. Na uku, idan aka gwada lafiyayyu da sanyi mai tsanani bayan bugun, sukan jure fiye da da, kuma juriyar takan bayyana a ɓarin jiki biyu, alamar cewa umarnin daga sama yake saukowa ya game jiki. Na huɗu, masu ciwon jijiya sau da yawa birkin da ke hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa zumuɗi ya yi musu sanyi, an kuma ga yana farfaɗowa bayan bugun, gwargwadon sauƙin da suka samu.

Lokacin da sauƙin ke zuwa ma abin lura ne. Bayan zama guda, ragin zafi yakan kai ƙololuwarsa ne bayan kwana 2 ko 3, sa'an nan ya dushe cikin kimanin mako guda. Allurar kashe wuri tana aiki nan take ta kuma kashe kowane irin ji. Maganaɗisu kuwa yana barin mutum da jin taɓawa da jin ƙaya, abin da yake sauyawa a hankali shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke auna saƙon.

8. Ma'aunin amfani

Zafi ba shi da ma'aunin da za a sa a hammata kamar na zazzaɓi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka majiyyaci ake tambaya ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10. Tun da fata da yarda da likita su kaɗai suna iya rage makin, kowane gwaji na ƙwarai sai ya haɗa da na'urar gangan, mai ƙara irin ta gaske amma ba ta kai kome cikin kai, sa'an nan a kwatanta.

Sakamakon kwatancin ya kasu. Kwamitin masana na Turai, cikin 2014 da kuma 2020, ya sa bugun yankin motsi a matakin farko na tabbaci game da ciwon jijiya. Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tace gwaje-gwaje da tsanani, ta ce cikin 2018 amfanin ƙarami ne, gajere ne, kuma yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne. Wani babban gwaji a Japan da aka buga cikin 2020 bai sami bambanci bayyananne tsakanin na'urar gaske da ta gangan ba. Wani kuma a Faransa, wanda Nadine Attal ta jagoranta aka buga cikin 2021, ya bi majiyyata 149 kusan wata 6, ya tarar cewa bugun yankin motsi ya fi na gangan, alhali bugun goshi bai fi ba. Cikin 2025 masanan ciwon jijiya na ƙungiyar duniya da aka ambata suka sa hanyar a sahu na uku, watau abin da ake komawa gare shi bayan magungunan farko da na biyu sun gaza.

A taƙaice, kimanin rabin waɗanda aka yi wa, wani lokaci ƙasa da haka, suke samun ragin da ya kai kashi 30 cikin 100, kuma sai an riƙa dawowa ana sabuntawa. Ga mai lafiya wannan kaɗan ne. Ga wanda ya shekara bai yi barcin kirki ba, saukowa daga maki 8 zuwa 5 na iya zama dalilin komawa gona ko ofis. Game da ciwon ɓarin kai kuwa, akwai ƙaramar na'ura mai bugu ɗaya-ɗaya a ƙeya; a gwajin 2010 mutum 39 cikin 100 sun rabu da ciwon cikin awa 2, a kan 22 na masu na'urar gangan, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita cikin 2013. Zafin karaya, da na naƙuda, da na tashin ciwon sikila, waɗannan suna da nasu magani, bai halatta a jinkirta shi saboda maganaɗisu ba.

9. Haɗari da hattara

Abin da aka fi kuka da shi bayan zama shi ne ɗan ciwon kai da tsamin fatar kai, su kuwa sukan wuce. Haɗari mafi girma shi ne bugun ya tayar da farfaɗiya, amma idan an bi ƙa'ida bai kai mutum 1 cikin 1,000 ba. Ba a yi wa wanda ke da ƙarfe a kai kusa da inda za a ɗora gammon, kamar ɓarɓashin harsashi ko na'urar ji da aka dasa a kunne, kuma ana yin taka-tsantsan da mai farfaɗiya da mai shan ƙwayoyin da ke jawo ta, tiramol na cikinsu.

Wajibi ne a rarrabe wannan na'ura da awarwaro da zobe da katifar maganaɗisu da 'yan talla ke yawo da su ofis-ofis. Ƙa'idar Faraday ta riga ta yanke hukunci a kansu: maganaɗisun da ba ya sauyawa ba ya haifar da lantarki a jijiya. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi musu cikin 2007, ba a sami hujjar cewa suna rage zafi ba. Ma'aikacin da ya ba da rabin albashinsa a kan irin wannan kaya ya sayi ado ne kawai.

10. Sakkwato da wannan ilmi

Neman ilmin magani daga kusa da nesa tsohon abu ne a wannan gari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na amfanin filasko, kuma da Hugh Clapperton ya ziyarce shi cikin 1824, yana cikin abin da ya nema a aiko masa da likita daga Ingila. A yau garin yana da jami'ar da aka kafa cikin 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo cikin 1988, da asibitin koyarwarta mai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, da kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware. Na'urar da ake magana a kanta tana aiki a fagagen nan duka, domin tun 2008 aka amince da ita a Amurka don jiyyar ciwon damuwa mai tsanani, likitocin tiyata kuma suna amfani da ita su gane yankin motsi kafin su yanka.

Duk hukumar da za ta yi shawarar sayenta, akwai abubuwan da ya kamata ta auna. Na'urar tana da tsada, tana son tsayayyen lantarki da ɗaki mai sanyi, domin gammon yana zafi da aiki, balle a bazarar Sakkwato. Tana son ma'aikaci horarre da injiniyan gyara. Tana kuma son majiyyacin da zai iya zuwa kullum na mako guda ko biyu, sa'an nan ya riƙa dawowa. Ga mutumin Isa ko Sabon Birni kuɗin mota da masauki na iya fin kuɗin jiyyar. Kafin duk wannan akwai ayyuka masu araha: kula da hawan jini da suga domin a rage masu shiga ciwon, koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon jijiya, da samar da magungunan sahu na farko.

Ɗalibai kuma suna da aikin da ba ya bukatar na'ura. A al'adar da ake yabon dauriya, inda kunya ke hana mai haihuwar fari yin kuka, kuma saurayi ke tsayawa a filin shaɗi bai motsa ba, makin da majiyyaci zai faɗa ba lalle ne ya zama abin da yake ji ba. Hausa tana da zafi, da zogi, da raɗaɗi, da ƙuna, da suka, da tsami, kowanne da inda ya dosa. Tsara tambayoyin auna ciwo da waɗannan kalmomi, da ƙidaya masu ciwon jijiya a asibitocin jiha, aiki ne da ɗalibin likita da ɗalibin harshe za su iya haɗuwa a kai.

11. Kammalawa

An ga cewa jin zafi hukunci ne da ƙwaƙwalwa ke yankewa a kan rahoton jijiyoyi, kuma tana da hanyar rufe ƙofa da sinadaran kwantar da ciwo na kanta. An ga cewa bugun maganaɗisu a kan yankin motsi yana tayar da wannan hanya, yana ba wani kaso na masu ciwon jijiya sauƙi matsakaici wanda sai an riƙa sabunta shi. Matsayinsa a yau sahu na uku ne, a hannun likita, bayan an gwada magunguna. Wanda ke da ɗan'uwa mai ƙunar ƙafa ko ta ɓarin jiki da ta wuce wata 3, abin da ya fi masa shi ne ya kai shi ga likitan jijiya a tantance irin ciwon, tun kafin ƙwaya ta riga likita zuwa.